Garin Arabinos da Ake Haɗawa da Sukari: Aikinsa na Gaskiya da Abin da Talla Ta Ƙara Masa

Daga cikin kayan ƙarin lafiya da 'yan kasuwar WhatsApp ke kawowa Sakkwato akwai wani farin gari mai suna L-arabinos, wanda ake cewa idan aka barbaɗa shi cikin sukari, sukarin ba zai hau jinin mutum ba. Na sayi roba ɗaya mai nauyin giram 250 a hannun wata mai sayarwa da ke aiko da kaya ta hannun ɗan kabu-kabu, na yi amfani da shi a gida na wani lokaci, na kuma bi diddigin abin da masana suka gano a kansa. Garin ba na bogi ba ne, domin yana da aikin da aka tabbatar a ɗakin bincike, sai dai aikin ƙarami ne, yana da sharuɗɗa masu tsauri, kuma bai kai rabin abin da aka yi mini alkawari ba. Saƙon tallar da ya ja hankalina cewa ya yi mai ciwon suga zai iya komawa shan shayinsa da zaƙi yadda ya saba, wannan magana kuwa ita ce mafi haɗari a cikin duk abin da ya zo tare da robar.

Robar fara ce mai murfin murɗawa, an liƙe bakinta da takardar azurfa, an kuma sa ɗan cokalin roba a ciki. Garin ya fi sukarin da muke saye a kwano laushi, ba shi da wari ko ƙamshi, kuma idan aka ɗanɗana shi a harshe zaƙinsa bai wuce rabin na sukari ba, ba ya kuma barin ɗacin nan da ake ji bayan shan ƙwayoyin zaƙi na masu ciwon suga. Yana narkewa nan take a cikin shayi mai zafi, amma a ruwan randa sai an ɗan juya. Rubutun da ke jikin robar da Turanci da Sinanci ne, ya nuna cewa daga totuwar masara aka sarrafa garin, ya kuma nuna ranar da zai lalace. Abin da babu shi ne lambar rajistar NAFDAC, hukumar da ke kula da ingancin abinci da magunguna. Da na tambayi mai sayarwar, sai ta ce mini, "Alhaji, ai kayan waje ne, ba su buƙatar lamba." Wannan ba daidai ba ne, domin abincin da aka sarrafa aka ƙulle a mazubi, ko na gida ne ko shigo da shi aka yi, doka ta wajabta a yi masa rajista kafin a sayar wa jama'a. Rashin lambar yana nufin babu wata hukuma a ƙasar nan da ta tabbatar cewa abin da ke cikin robar shi ne abin da aka rubuta a bayanta.

Arabinos kansa nau'in sukari ne, sai dai ƙwayarsa ta fi ta gulukos, wato sukarin da ake aunawa a jini, ƙanƙanta, kuma jikin ɗan Adam ba ya ƙona shi ya sami ƙarfi kamar yadda yake yi da sukarin da muka sani. Ana samun sa a jikin tsirrai da yawa, a dusar hatsi da totuwar masara da ƙaro, kuma daga ƙaro aka fara ciro shi tun a ƙarni na 19. Wannan bai sa tauna ƙaro ya zama madadin garin ba, domin a cikin ƙaro arabinos ɗin a ɗaure yake cikin dogayen sarƙoƙi waɗanda hanjinmu ba ya iya kwancewa, sai masana'anta ta raba shi kafin ya yi aikin da ake magana a kai.

Kafin a gane aikin, sai an san yadda sukari ke shiga jini. Sukarin da muke zubawa a shayi da koko, wanda masana ke kira sukuros, ƙwayoyi biyu ne a manne, gulukos da furuktos. Muddin suna manne, ba za su iya ratsa bangon hanji ba. A jikin bangon ƙaramin hanji akwai wani sinadarin narkarwa mai suna sukires, wanda aikinsa shi ne ya raba su kamar yadda almakashi ke raba zare, daga nan gulukos ya wuce cikin jini, jiki kuma ya saki insulin domin ya kwashe shi zuwa tsoka da hanta. A jikin mai lafiya wannan aiki yana tafiya da sauri, shi ya sa sukarin jini kan kai ƙololuwa tsakanin rabin awa da awa ɗaya bayan shan abu mai zaƙi, sannan ya sauko cikin awa biyu. Abin da arabinos yake yi shi ne ya maƙale wa sukires a daidai lokacin da ya riƙe ƙwayar sukari, ya rage masa sauri. Bai kashe shi ba, bai kuma hana shi aiki gaba ɗaya ba.

Masu bincike a Japan ne suka bayyana wannan a shekarar 1996, bayan gwaji a kan hanjin dabbobi da kuma ɓeraye. Abin da ya fi muhimmanci a sakamakonsu, wanda kuma babu mai talla da zai faɗa wa mai saye, shi ne cewa arabinos bai taɓa sauran sinadaran narkarwa ba. Bai hana waɗanda ke narkar da sitaci aiki ba, bai hana wanda ke narkar da sukarin madara ba, kuma da aka bai wa ɓerayen sitaci maimakon sukari, jininsu ya hau yadda ya saba. Ke nan tun daga tushe garin nan abokin gabarsa ɗaya ne, wato sukarin rake da ake zubawa da cokali.

Gwajin da aka fi ambata a kan mutane shi ne wanda aka yi a Jami'ar Kofanhegan ta ƙasar Denmak, aka wallafa a 2011. An tara maza 15 masu ƙoshin lafiya, aka ba su ruwa mai ɗauke da giram 75 na sukari, wata rana babu arabinos, wata rana da giram 1, ko 2, ko 3. A ranar da aka sa giram 3, wato kashi 4 cikin 100 na nauyin sukarin, ƙololuwar gulukos a jininsu ta ragu da kashi 11 cikin 100, ƙololuwar insulin kuma ta ragu da kashi 33 cikin 100 tare da jinkiri wajen zuwanta. Ba a ga wata damuwar ciki a wannan adadi ba. Wannan sakamako ne na gaske, kuma raguwar insulin ɗin abin lura ce, domin tana nuna jiki bai sha wahalar da ya saba sha wajen kwashe sukarin ba. Amma ya kamata mai karatu ya dubi adadin da idon basira. Idan sukarin jinin mutum kan kai 8 a ma'aunin da asibitocinmu ke amfani da shi bayan ya sha abin zaƙi, kashi 11 cikin 100 na 8 bai kai 1 ba. Wanda nasa ke kaiwa 15 ko 18 saboda ciwon suga, ko da ya sami irin wannan ragi, yana nan a cikin haɗari bai fita ba. Haka kuma mutanen da aka gwada masu lafiya ne, ruwan sukari zalla suka sha da safe ba su ci komai ba, kuma na 'yan awanni aka bi su.

Masu binciken na Denmak ba su tsaya nan ba, kuma a ganina gwajinsu na biyu ya fi na farko amfani ga mai son ya kashe kuɗinsa. A wanda aka wallafa a 2015 sun sa arabinos cikin abinci sosai, irin wanda mutum ke ci ya ƙoshi, mai haɗe da fulawa da maiƙo da sukari, suka ɗaga adadin zuwa kashi 5 da kashi 10 cikin 100. Ba su ga wani bambanci ba, ko a gulukos ko a insulin. Dalilin bai da wuyar ganewa. Abinci mai kauri yana daɗewa a tumbi, yana sauka hanji kaɗan-kaɗan, sannan mafi yawan gulukos ɗin da ke fitowa daga cikinsa daga sitaci yake, ba daga sukarin da aka zuba ba. Daga baya masu bincike a Jami'ar Mastirik ta ƙasar Holan, a wani aiki da aka wallafa a 2022, sun bi sawun sukarin da aka sha tare da arabinos har cikin jini, suka nuna cewa abin da ke faruwa jinkiri ne wajen shigarsa. Sukarin ba ya ɓacewa a hanya. Wanda ya sayi garin da niyyar rage ƙiba yana ci gaba da shan zaƙi yadda ya saba, ya sani cewa mafi yawan abin da ya sha zai isa inda za shi, sai dai a makare.

Idan aka ɗora wannan a kan cimar mutumin Sakkwato, sai girman matsalar ya fito. Da safe koko ko kunu da ƙosai, ko shayi da burodi, ko masa. Da rana fura da nono, ko shinkafa da wake, ko dambu. Da dare tuwon shinkafa ko na dawa ko na masara. Duk waɗannan gero ne da dawa da shinkafa da fulawa, wato sitaci, wanda hanji ke mayar da shi gulukos ta hanyar da arabinos bai san da ita ba. A kwanon fura mai cokali biyu na sukari, sukarin da aka zuba bai wuce giram 8 ba, alhali dunƙulen furar da aka dama yana ɗauke da sitaci ninkin wannan sau da yawa. Idan garin ya jinkirta giram 8 ɗin nan ya bar sauran suka wuce, abin da mai shan furar ya samu bai taka kara ya karya ba. Haka abin yake ga shayi da burodi, wanda shi ne karin kumallon ɗalibai da ma'aikata da direbobi da yawa a garin nan, domin rabin burodin da ake tsomawa ya fi sukarin da ke cikin kofin tayar da jini.

Akwai kuma kayan zaƙin da mutane ke ɗauka cewa garin zai yi aiki a kansu alhali ba zai yi ba. Zuma mafi yawanta gulukos ne da furuktos waɗanda ƙudan zuma ya riga ya raba, saboda haka ba su jiran sukires kafin su shiga jini. Dabino mai laushi ma haka yake, kodayake busasshe yakan fi riƙe sukuros. Madara da nono nasu sukarin daban ne, da sinadarin da ke narkar da shi daban. Garin gulukos da ake sayarwa a kemis kuwa ba a ma maganarsa. Inda garin zai iya samun abin kamawa shi ne sukarin kwano da na ƙwaya, da mazarƙwaila, da ruwan rake, da madarar gwangwani mai kauri wadda aka zuba wa sukari, da alewa. Zoɓo da kunun tsamiya suna da tasu matsalar, domin tsami idan ya haɗu da zafi yana raba ƙwayar sukari tun a tukunya. Matar da ta zuba sukari a zoɓo yana tafasa, ko ta ajiye shi ya kwana ya wuni, wani ɓangare na sukarin ya riga ya rabu kafin a sha, kuma abin da ya rabu arabinos ba shi da iko a kansa. Irin wannan rabuwa tana faruwa a lemon kwalba mai tsami da ya daɗe a shago cikin zafin Sakkwato.

A gidanmu akwai na'urar gwajin suga saboda mahaifiyata, wadda ke zuwa asibiti a kan ciwon, amma ban gwada garin a kanta ba, kuma ba zan shawarci kowa ya yi gwaji da mara lafiya ba tare da sanin likitansa ba. A kaina na gwada, ni da ba ni da ciwon. Nakan tashi ban ci komai ba, in soki yatsa, in sha baƙin shayi mai cokali uku na sukari, in sake sokawa bayan rabin awa da bayan awa ɗaya, wata safiya da garin, wata safiya babu. A safiyoyin da na sa garin, lambar rabin awa takan ɗan yi ƙasa da ta sauran safiyoyi, ba kullum ba, kuma zuwa awa ɗaya sai in ga sun yi kusa da juna. Da na haɗa shayin da burodi, ko na sa garin a fura, ban ga abin da zan nuna wa wani in ce ga bambanci ba. Mahaifiyata da ke kallon wannan soke-soke ta ce, "Kai dai ƙarar mini da takardun gwaji za ka yi," kuma tana da gaskiya, domin takardun, wato 'yan siraran da ake ɗiga jini a kai a cikin na'urar, ba su da araha.

Ban ɗauki wannan gwaji na gida a matsayin hujja ba, kuma dalilin ya shafi duk wanda mai talla zai nuna wa hoton na'ura kafin shan garin da bayansa. Ƙa'idar duniya ta 2013 da ake auna ingancin waɗannan na'urori da ita ta yarda sakamakonsu ya kauce wa na ɗakin gwaji da kashi 15 cikin 100 sama ko ƙasa. Ke nan kuskuren da aka yafe wa na'urar ya fi ragin kashi 11 da ake nema girma. Digo biyu na jini daga yatsa ɗaya, minti ɗaya tsakani, suna iya ba da lambobi mabambanta, balle a ce hannun akwai ragowar zaƙi, ko takardun sun sha zafi a cikin mota. Hoton lambobi biyu a WhatsApp ba ya tabbatar da komai.

Ta fuskar ɗanɗano ba ni da ƙorafi. Na kai wa mai shayin da nake zama wurinsa da dare sukarin da na haɗa, ban gaya masa abin da ke ciki ba, ya dafa ya kurɓa, ya ce, "Malam, wanga ai suga na, ban ji wani bambanci ba." A kicin kuwa uwargida ta lura da wani abu. Cincin da ta kwaɓa da haɗaɗɗen sukarin ya yi saurin yin ja a cikin mai, har kashin farko ya yi duhu a waje alhali cikinsa bai gama soyuwa ba, sai da ta rage wuta. Wannan halin irin waɗannan ƙananan sukari ne, suna saurin haɗuwa da furotin na fulawa da ƙwai idan sun ji zafi. Tunda kuma an nuna garin ba ya aiki a abincin fulawa, zuba shi a cincin ko kek ko alkaki asarar kuɗi ce kawai.

Batun adadi shi ne inda robar ta fi gazawa. Umarnin da ke jikinta cokali ɗaya ne a kowane kofi, bai faɗi girman kofin ba, bai kuma faɗi yawan sukarin da ke ciki ba, alhali aikin garin ya dogara ne ga yawan sukarin da aka haɗa shi da shi. Idan aka bi kashi 4 cikin 100 na gwajin Denmak, kofin shayi mai cokali uku, wato kimanin giram 12 na sukari, rabin giram kawai yake buƙata, abin da bai fi a ɗiba da yatsu biyu ba. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a auna giram 40 a zuba cikin kilo ɗaya na sukari a girgiza sosai, kuma a sake girgizawa lokaci-lokaci, domin garin da ya fi laushi yakan zauna a ƙasan gwangwani. A wannan lissafi roba ɗaya za ta ishi kilo 6 na sukari. Wanda ya bi umarnin cokali a kowane kofi zai ƙarar da ita da wuri, abin da zai yi wa mai sayarwa daɗi, kuma zai iya jin abin da na ji a ranakun da na cika hannu, wato kumburin ciki da ƙugi da yawan iska. Abin da ƙaramin hanji bai shanye ba yana gangarawa babban hanji, ƙananan halittun da ke can, wato bakteriya, su ci su fitar da iska, idan ya yi yawa kuma ya jawo ruwa ya sa zawo. Mai gyambon ciki ko wanda cikinsa ke saurin ɓaci ya yi hattara.

Akwai haɗari ɗaya da babu shi a jikin robar, mai sayarwar ma ba ta san da shi ba, kuma shi ne ya sa na zauna rubuta wannan sharhi. Mai ciwon suga da ke allurar insulin, ko yake shan ƙwayar glibenclamide wadda aka fi sani da Daonil, sukarin jininsa yana iya faɗuwa ƙasa da 3.9, musamman idan ya jinkirta cin abinci, ko ya yi aikin ƙarfi, ko yana azumi a watannin zafi. Alamomin su ne karkarwa da gumi da jiri da bugun zuciya da ruɗewa, kuma abin da ake koya wa iyalai shi ne a yi maza a ba shi kimanin giram 15 na sukari a ruwa. Idan sukarin da ke cikin gwangwanin gidan an riga an haɗa shi da arabinos, to an ba shi abin da aka tsara domin ya jinkirta shiga jini a daidai lokacin da ake neman sauri. Likitoci sun daɗe da sanin wannan matsala game da maganin acarbose, wanda shi ma sinadaran narkarwa na hanji yake rage wa ƙarfi, shi ya sa ake gaya wa masu shan sa su riƙa ajiye gulukos zalla. Duk gidan da ke da mai irin wannan magani, idan har za a shigo da garin nan, lallai a ware sukarin da ba a haɗa ba, ko garin gulukos, ko zuma, a wurin da kowa ya sani. Shi acarbose ɗin yana da kyau a ambata cewa yana rage narkewar sitaci da sukari duka biyu, an yi dogon gwaji a kansa a jikin masu ciwon, kuma likita ne ke rubuta shi da adadin da ya dace. Wanda yake ganin yana buƙatar irin wannan taimako, ya fi masa ya tambayi likitansa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Asibitin Ƙwararru da ya nemi roba a waya.

Ba abin mamaki ba ne irin wannan haja ta sami kasuwa a nan. Binciken da likitocin asibitin koyarwa suka yi a tsakanin Fulanin jihar ya sami ciwon suga a jikin kashi 4.6 cikin 100 na mazauna birni, alhali a karkara bai kai kashi 1 ba, kuma bambancin yana da alaƙa da zama wuri ɗaya da ƙiba da sauyin cima. Mutumin da aka gaya wa cewa sukarinsa na safe ya kai 7 ko ya wuce, aka kuma ce ya bar shayi mai zaƙi da ya saba da shi shekara talatin, yana cikin halin da zai saurari duk wanda ya ce masa akwai mafita. Mafi yawan gwaje-gwajen arabinos a kan masu lafiya aka yi su, na ɗan gajeren lokaci, kuma garin ba ya warkar da ciwon suga, ba ya kuma maye gurbin maganin suga na metformin ko allurar insulin. Tsorona shi ne mutum ya dogara da shi ya koma cokali huɗu, ya sami ragin kashi kaɗan a kan abin da ya ninka.

Sai batun kuɗi. Abin da na biya a kan robar nan ya isa in sayi sukari kilo da yawa, ko kwalin takardun gwaji. Idan aka kwatanta da abin da mutum zai samu kyauta, lissafin bai yi wa garin daɗi ba. Mai zuba cokali uku idan ya koma biyu ya rage kashi ɗaya cikin uku na sukarin da ke shiga cikinsa, ragin da ya shafi gulukos da furuktos da ƙiba da haƙora gaba ɗaya, kuma harshe yakan saba cikin 'yan makonni. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci a rana, wato kimanin giram 50 ko ƙaramin cokali 12 ga baligi, kuma ya fi kyau a tsaya a rabin haka. Mai shan shayi sau uku a rana da cokali uku-uku, ya ƙara da kwalbar lemo ɗaya, ya wuce wannan iyaka, ko da garin ko babu shi.

Wanda zan iya cewa garin zai ɗan amfana shi ne mutum mai lafiya, ko wanda aka ce masa sukarinsa ya fara ɗagawa kuma likitansa ya amince, wanda ya riga ya rage zaƙi iyakar iyawarsa, amma yana shan baƙin shayi ko shayin Buzaye mai sukari tsakanin abinci, ba tare da burodi ko wani abin ci ba. Wannan shi ne yanayin da ya fi kama da wanda aka gwada aka ga sakamako. Ko shi ɗin ma ya nemi wanda ke da lambar NAFDAC, ya duba cewa an rubuta adadin arabinos ɗin a fili, domin akwai haɗaɗɗen sukari da ake sayarwa wanda ba a faɗi ko kashi nawa aka sa ba. Ita mai sayarwar ta kawo kaya a kan lokaci, ta amsa tambayoyina cikin ladabi, ban kuma ga alamar tana nufin cuta ba, abin da aka turo mata take turawa. Na rubuta mata bayanin haɗarin faɗuwar sukari ga masu allura, na roƙe ta ta cire maganar masu ciwon suga daga tallarta, ta ce za ta tuntuɓi wanda ke ba ta kayan.